Suna So In Ɗora Masa Hannu In Ce Na Sake Shi

Daga admin: wani dattijo ne ya turo mana wannan, ya roƙa a ɓoye sunansa. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yi magana.

Salama a gare ku 'yan'uwa, ina gaida admin da duk wanda ke cikin gurup ɗin nan, manya da yara. Shawara nake roƙo, don Allah ku taimaka ku ba ni, kaina ya kulle. Ku yi haƙuri da rubutuna, makarantata ba ta yi nisa ba, malaminmu ya gaji da ni tun kafin in gaji da shi, kuma da yatsa ɗaya nake danna wayar nan kamar kaza tana tsintar gero. Sunayen da zan faɗa duk na canza su, amma wanda ya zauna a Kafanchan a wancan lokaci zai iya gane ni, ba yadda zan yi, fuskata ba irin wadda ake mantawa ba ce.

Ni mai gyaran keke ne, rumfata tana kusa da tasha tun jirgin ƙasa yana da daraja. Bayan rikicin addinin da ya faru a garin nan a 1987, wanda ba sai na tuna wa kowa ba, cocinmu ya ce ba za mu zauna muna kallon toka ba, a riƙa fita bishara ƙauyuka ranakun kasuwa. Aka haɗa ƙungiya, aka ɗora wani dattijon coci a kai, zan kira shi Bulus. Mutum ne mai ilimi, tsohon malamin makaranta, da tabarau da komai, amma in ya tsaya wa'azi a kasuwa har awaki suna canza wuri. Da ya ga lasifika kaɗai muke gajiyarwa sai ya kawo dabara, ya ce mu riƙa yin dirama tukuna, in jama'a ta taru sannan ya yi wa'azi. Kowa yana so ya zama mala'ika, har cacar baki aka yi a kan farin zanen gado. Da aka zo kan wanda zai fito a Shaiɗan sai kowa ya sunkuyar da kai. Bulus ya dube ni ya ce, kai ai ba ka buƙatar kwalliya da yawa. Aka yi dariya, ni ma na yi, don gaskiya ya faɗa, Allah ya yi ni dogo, baƙi, ga wushiryar da ɗan akuya zai iya ratsawa.

Na ɗauki aikin da gaske fa. Na samo ƙaho a wurin mahauta na ɗaure da roba, na yanka tsohon tub ɗin keke na yi wutsiya, na huda buhun citta na zura kaina, na kwaɓa baƙin tukunya da baƙin mai na shafe fuska. Sai na ɗaura ƙararrawar keke a ƙugu, kafin in fito daga bayan rumfa in danna ta, kirrin kirrin, yara su watse, manya su matso. Abin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Kasuwa tana tsayawa cak. Ina bin mai zunubi da ƙwaryar burkutu ina yi masa raɗa, yana sha, ina rawa, daga ƙarshe mala'ika ya zo da bulala ya kore ni ina birgima a ƙasa. Wani lokaci 'yan kallo ba sa jiran mala'ika, su da kansu suke kama aikinsa. A Manchok wata tsohuwa ta kwaɗa mini muciya a gadon baya, har yau in hadari ya haɗu wurin yana tuna mini. Ban damu ba, don in na tashi ina ganin mutane sun durƙusa suna karɓar Yesu, in ce a raina, to ashe mai faci ma yana da amfani a gidan Allah.

Wata rana muna gwaji a bayan coci Bulus ya ce dariya ta yi yawa, tsoro ya yi kaɗan, mutum ba ya tuba yana dariya. Ya ce in riƙa shiga cikin 'yan kallo, in zaɓi mutum ɗaya, in ɗora masa hannu a ka in ce, wannan nawa ne. Na ce Malam, anya? Ya ce ilimin ya fi ƙarfinka, kai dai yi abin da aka ce. Ya cire hularsa ya sunkuyo ya ce in gwada a kansa. Na ɗora hannuna a kan sanƙonsa, na sauke murya na ce, wannan nawa ne. Ya ce madalla, haka yake so, wai har tsigar jikinsa ta tashi. Ku riƙe wannan wurin, zan dawo kansa.

Muka yi ta yi har wajen ƙarshen 1989, ba abin da ya faru, wanda na ɗora wa hannu ma yakan zama abin tsokana a wurin abokansa. Sai muka je wani ƙauye ta wajen Godogodo. Akwai wani manomin citta a gaba-gaba, ya ɗan sha, tun da na fito yake mini ba'a, yana cewa Shaiɗan wutsiyarka ta yi faci, Shaiɗan ko ka karya kumallo. Ni kuma bakina ba ya barin bashi. Na je na ɗora masa hannu na ce, wannan nawa ne, sai na ƙara nawa gishirin, na ce ku ajiye mini shi, zan dawo in ɗauka. Kasuwa ta kwashe da dariya, shi ya fi kowa dariya, har ya ba ni gyaɗa da muka gama. Kafin kasuwa ta zagayo kububuwa ta sare shi a gona. Bai kai asibiti ba.

Lahadin da ta biyo danginsa suka cika ƙofar cocinmu da sanduna, suna cewa a fito musu da mayen da ya ci ɗan'uwansu a gaban shaidu. Ni a sakarcina ban ma ji tsoro ba, na ce Bulus zai yi musu bayani da Turanci da Hausa. Aka shigar da mu gaban dattawan coci, aka tambaye shi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi bai taɓa sa ni in ce zan dawo in ɗauki kowa ba. Wannan gaskiya ne. Sai ya ci gaba, ya ce shi ma ya daɗe yana lura, in na sa ƙahon nan idona yana juyawa, muryar da ke fita ba tawa ba ce, ya yi shiru ne don kada ya raunana aikin bishara. Na ce Malam, ba kai ka cire hula ka ce in gwada a kanka ba? Bai dube ni ba, ya ce wa dattawa, kun ji ko, har ni ya taɓa.

Aka lallashi dangin mamaci suka tafi, ni kuma aka sa ni a horo. Ga wanda ba ɗan coci ba, horo shi ne a yi sanarwarka a gaban jama'a, ka koma bencin baya, ba jibin Ubangiji, ba wani aiki a coci, har sai ka furta laifinka ka tuba. Mazinaci yana furtawa, ya yi 'yan watanni, a mayar da shi. Ni me zan furta? In ce na ci mutum? Na ce na yarda bakina ya yi tsawo, ku hore ni a kan wannan. Suka ce ba wannan suke nema ba. To haka na zama mai gidan bencin baya. Na ga mazinata sun zo sun zauna, sun gama nasu sun koma gaba, na ga wanda ya taɓa kuɗin baiko, wato sadakar coci, ya zo ya tafi, kuma ko su in sun zo sai su bar fili tsakanina da su. Ban fasa zuwa sujada ba, rabi don Yesu, rabi don in ɓata musu rai.

Ƙahon da buhun an ƙone su a gaban coci da kananzir ana waƙa, ƙaurin ya cika unguwa. Ƙararrawa kuwa na hana, na ce kayan sana'ata ce, na mayar da ita kan kekena. Hanyar rumfata ta gaban gidan Bulus take, kuma akwai kwana a daidai wurin, duk mai keke mai hankali yana danna ƙararrawa a kwana. Ni mutum ne mai hankali sosai. Safe da yamma, shekara da shekaru, ban taɓa mantawa ba.

Da a kaina abin ya tsaya da ban dame ku ba. 'Yan coci suka daina kawo mini keke, mutum ya gwammace ya tura shi har wata unguwa. Wanda ya riƙe ni shi ne Malam Idi mai goro, Musulmi, maƙwabcin rumfata. Ya ce mini, ni na san Shaiɗan, ba ya zama a rana yana faci. Shi ya riƙa turo mini kekunan 'yan kasuwa har muka ci abinci a gidana. Matata Saratu kuwa ƙosai da kunu take sayarwa a tasha, kuma ita ce gwanar girki a ƙungiyar zumuntar mata ta coci, ba bikin da ake yi ba ta kan tukunya. Sai aka fara cewa wa ya san irin man da take suya da shi. Kaskonta ya riƙa hucewa da ƙosai a ciki. A zumunta aka ce ta huta da girki ta riƙa wanke-wanke, daga baya aka ce wanke-wanken ma ta huta. Matar Bulus, Hannatu, ita ta kawo mata saƙon, da murmushi, tana kiranta 'yar'uwa. Saratu ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Zanen zumuntarta take fitarwa ta goge, ta ninke, ta mayar cikin akwati. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

'Yarmu Rahila, ita kaɗai Allah ya bar mana, tana cikin mawaƙan coci a lokacin. Yara suka sa mata 'yar Shaiɗan, in ta wuce su yi kirrin kirrin da baki. Wani yaro malamin makaranta yana nemanta, har iyayensa sun zo gaisuwa, da labari ya kai musu sai suka aiko wai sun yi addu'a sun ga ba nufin Allah ba ne. Ta cire rigar mawaƙa ta ajiye a ƙofar coci, ba ta sake taka wurin ba har yau.

A 1995 Saratu ta kwanta, ciwon bai daɗe ba ta tafi. Ku da kuka san al'adarmu, in 'yar zumunta ta mutu mata suna sa zanensu iri ɗaya, su zo da tulun kiɗa da kacau-kacau su raka ta da waƙa har kabari. Matata ta yi wa mata da yawa wannan waƙar. Ranar tata 'yan kaɗan suka zo, da kayan gida, suka tsaya nesa kamar masu jiran mota. Abincin da aka dafa ba wanda ya taɓa. Malam Idi da ya yanka mana akuyar da aka dafa shi ya kira mutanensa suka zauna suka ci, don kada a zubar a gaban idona. Ina tsaye bakin kabari na ji wata tana ce wa wata, ai dama mayu in sun rasa na waje na gida suke bayarwa. Bulus ne ya yi addu'ar rufewa, ya roƙi Allah ya tsare sauran iyalin daga abin da ke cikin gidan. Kowa ya ce amin. Ni ma ina jin na ce, don baki ya saba.

Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 wani sabon fasto ya zo, ya ji labari ya ce wannan wauta ce, ya ɗage horon ba tare da na furta komai ba. Na koma gaba na ci jibi, amma gaskiya bencin baya ya fi iska. Rahila ta yi aure a Kujama, wurin da ba a san mu ba, tana da shago da 'ya'ya, ita ke ciyar da ni yanzu, wayar nan ma ita ta saya mini. Na ɗauka magana ta mutu.

Sai ga Hannatu a ƙofar gidana kwanan baya, ta tsufa tana dogara sanda, tana kirana Baba, ita da ba ta amsa gaisuwata tun ina da haƙora. Ta ce Bulus ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kwance, in taimaka in zo. Na yi wanka na sa rigar Lahadi, a hanya ina ta shirya yadda zan karɓi roƙon gafara, har na zaɓi irin fuskar da zan yi. Na shiga ɗakin na tarar da shi ya zama kamar tsumma a kan katifa. Na miƙa hannu in gaishe shi. Mutumin nan da hannu ɗayan da ya rage masa ya jawo matashi ya rufe kansa, yana wani irin kuka kamar ɗan kwikwiyo, fitsari yana bin katifa. Na ce Bulus, ni ne fa, mai faci, na yafe maka, Allah ya yafe mana duka. Kukan ya ƙaru.

Hannatu ta biyo ni waje ta gaya mini. Ashe tun ranar da manomin nan ya mutu Bulus bai sake samun kwanciyar rai ba, don ya tuna kafin in taɓa kowa kansa na fara taɓawa. Duk ƙararrawar da na danna a kwanar gidansa shi a wurinsa tuni nake yi masa cewa ina nan tafe. Ta ce wani lokaci yana cikin cin abinci zai ji ta, ya ajiye cokali. Yanzu da ciwo ya kama shi ya ce lokacin ɗauka ya yi, ko waya ta yi ƙara sai jikinsa ya hau ɓari. Fastoci sun yi addu'a, an shafa mai, an yi azumi, ya ce duk ba zai yi ba, wanda ya ɗaure shi ne zai kwance. Abin da suke so, in zo a gaban 'ya'yansa, in ɗora masa hannu a ka kamar wancan karo, da irin muryar nan, in ce, wannan ba nawa ba ne, na sake shi. Na ce Hannatu, ni ba ni da wani iko, ban taɓa samu ba, tub nake liƙewa. Ta durƙusa a ƙasa da gwiwoyin nan nata, ta kama ƙafar wandona ta ce, Baba ko ba ka da shi, ka faɗa kawai.

Ni duk shekarun nan na ɗauka ƙarya ya yi mini don ya tsira daga sanduna. Ashe ya gaskata. Mai tabarau, mai wa'azin cewa Yesu ya fi kowane iko, shi da kansa ya sa na ɗaura ƙaho, sannan ya zauna yana tsorona har tsufa. Ban san wanne ya fi zafi ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar da na dawo daga gidansa na ci tuwo har na nemi ƙari. Na tuna abincin Saratu da ba wanda ya taɓa, na tuna fitsarin nan, na ji wani sanyi a ƙirjina wanda ba na Ruhu Mai Tsarki ba ne.

Na kira Rahila na gaya mata. Ta ce, Baba, ka zauna a bencin baya shekara da shekaru don ka ƙi cewa kai maye ne. In ka ɗora hannu a kan mutumin nan ka ce ka sake shi, ka yarda da bakinka ke nan cewa dama kana riƙe da shi, kuma kai ka ci manomin, kai ka ci Mama. Wani zai ɗauka a waya, ya kai Kujama, a fara yi wa 'ya'yana kirrin kirrin. Ta ce in na yi, za ta ci gaba da aiko mini abinci don ba ta son zunubi, amma kada in sake kiranta 'yata. Na san ta, halin uwarta ta ɗauko, ba ta maimaita magana. Na je wurin fastonmu na yanzu, yaro ne, an haife shi ina bencin baya. Ya ce a koyarwa bai kamata in yi ba, a tausayi kuma bai kamata in ƙi ba, in je in yi addu'a. Na ce Fasto, wannan amsar ko ni da ban yi makaranta ba zan iya bayarwa.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne, ni don me na sa ƙahon tun farko? Don mutane su fita daga tsoron Iblis su zo wurin Yesu. Ban yi nadamar aikin ba, akwai direban da ya taɓa tare ni a tasha ya ce tun ranar da ya ga ina birgima a kasuwarsu bai sake taɓa ƙwaryar burkutu ba. Yanzu ga mutum yana mutuwa cikin wannan tsoron, magana ɗaya daga bakina za ta kwantar da shi, amma maganar ƙarya ce, kuma ƙaryar da ta kashe mini gida. In na faɗa, na rasa 'yata, na tabbatar wa 'ya'yan Bulus cewa ubansu gaskiya ya yi a gaban dattawa. In na ƙi, ya mutu da matashi a kansa, kuma ranar jana'izarsa na san wanda za a riƙa kallo ta gefen ido.

Hannatu ta ce za ta dawo ran Lahadi bayan sujada. Na daina danna ƙararrawa a kwanar, wannan kaɗai na iya yi, jiya ma saura kaɗan in buge wata mai tallar lemo. 'Yan'uwa, ku gaya mini, in je in ɗora hannun ko kada in je? In kai ne, da 'yarka za ka zauna ko da tsohon da ya yi addu'a a kan kabarin matarka a tsare 'yar taka daga gare ka? Kuma don Allah kada wani ya rubuto mini wai Baba ka yafe masa. Na kai masa yafiya har bakin katifa, ba ita suke so ba. Shaiɗan suke so ya zo.